Rajistar gyaran na'urar GC-MS ta auna ragowar maganin ƙwari a koko, Kumasi

2 ga Disamba

Na'urar GC-MS ce, wato mai raba sinadarai a cikin kolum (dogon siririn bututu) sannan ta auna nauyinsu, mai kwadrufol (sandunan tace nauyi) ɗaya, tana fasa ƙwayoyin sinadari da elektron a 70 eV. Da ita ake auna ragowar maganin ƙwari a ƙwayar koko da ke zuwa mana daga yankunan Asante da Ahafo. Kolum ɗinta mita 30 ne, faɗin ciki 0.25 mm, kaurin shafe 0.25 µm, irin mai fenil kashi 5. Hiliyom na tafiya 1.2 mL a minti. Ƙofar allura tana kan 250°C, bututun mahaɗa 280°C, ɗakin ayon 230°C, kwadrufol 150°C. Duk wanda ya karɓi aikin ya tabbatar waɗannan ba su sauya ba kafin ya taɓa komai.

Iyakar da muke bi ita ce 0.01 mg/kg. Ita Tarayyar Turai ke ɗora wa duk maganin da ba a ba shi tasa iyakar ba, kuma a 2020 aka mayar da kloropirifos kanta. Japan ma tun 2006 take da irin wannan iyaka ta bai ɗaya. Da yake gram 5 na garin koko muke jiƙawa da ruwa 10 mL sannan mu tatsa da asetonaitiril 10 mL, 0.01 mg/kg na nufin 5 µg/L a kwalbar allura. Yau kloropirifos a 5 µg/L ya nutse cikin hayaniyar layin ƙasa: tsinin m/z 197 (lambar nauyin gutsuren da na'urar ke gani) da kyar ake ganinsa, 314 babu shi sam.

A ƙarshen mako wuta ta ɗauke cikin dare, batirin UPS ya ƙare kafin a tada janareta, famfunan bakum suka tsaya alhali ɗakin ayon na da zafinsa. An dakatar da samfura duka. Sakamakon "ba a samu komai ba" daga na'urar da ba ta gani ya fi rashin sakamako haɗari, domin buhunan za su wuce.

4 ga Disamba

Gwajin iska da ruwa bayan kwana biyu famfo na ja. Idan aka ɗauki tsinin 69 na PFTBA, sinadarin da ake saita na'urar da shi, a matsayin 100: ruwa a 18 ya kai 12, naitirojin a 28 ya kai 35, oksijin a 32 ya kai 9. Ruwa ba shi ne damuwa ba, yana sauka da kansa muddin ana ja kuma akwai zafi. Amma 28 da 32 sun tsaya kusan 4 da 1, rabon da suke da shi a iskar da muke shaƙa. Yoyo ne.

Wasu sun so a buɗe ɗakin ayon a wanke shi nan take tunda ƙarfin gani ya faɗi. Ba a yarda ba. Wanki da yoyo a jiki ɓata rana ne, oksijin zai sake ƙona fuskar ƙarfen da filamen cikin 'yan kwanaki.

An nemi yoyon da gwangwanin iskar kakkaɓe ƙurar kwamfuta. Sai an karanta jikin gwangwanin tukuna: mai difuloro'itan ana sa ido a 51 da 65, mai tetrafuloro'itan kuma 69 da 83. Namu na farkon ne. Fesa kaɗan ake yi, wuri ɗaya, a jira daƙiƙa 15 zuwa 20, sannan a matsa gaba, ana farawa daga ƙasa domin iskar ta fi ta ɗaki nauyi, tana gangarowa ta yaudari mutum. Ruwan sabulu bai da wuri a nan; bakum zai zuƙe shi ciki.

Tsinin 51 ya yi tsalle a notin bututun mahaɗa. Ferul ɗin wurin, wato zoben da ke toshe bakin kolum, na Vespel ne da girafait, kashi 85 da 15, kuma halinsa ke nan ya tsuke idan ya yi zafi ya huce. An ƙara ɗaure notin rubu'in juyi, 28 ya sauko zuwa 14.

5 ga Disamba

Da safe 28 ya koma 22. Aka saukar da zafin ɗakin ayon da kwadrufol ƙasa da 100°C, aka kashe famfo, aka sako iska. An yanke santimita 5 na bakin kolum, an sa sabon ferul, an duba yankan da gilashin ƙara girma ya zama a miƙe babu tsaga. Akwai ferul na zallar girafait a aljihun tebur. Na ƙofar allura ne kawai. A mahaɗa iska na ratsa shi.

Tunda an riga an buɗe, aka duba zoben roba na ƙofar gefen akwatin bakum. A kansa akwai wani ɗan zare fari, bai kai rabin santimita ba, ya kwanta a gicciye daidai inda ƙarfe ke danne robar, kuma jar ƙura ta yi layi a ramin zoben. An goge da kyalle marar gashi, ba a shafa wani mai ba. Wajen rufewa an danne ƙofar da hannu har famfon farko ya kama ta, ba a matse sukurorin gefe da ƙarfi ba.

9 ga Disamba

Ruwa 4, oksijin 0.6, amma 28 ya maƙale a 12. Wannan ba rabon iskar waje ba ne, ya zarce 4 da 1 nesa. Idan naitirojin ya yi yawa oksijin babu, galibi iskar ta shigo ne kafin matatar oksijin da ke kan layin hiliyom: matatar ta cinye oksijin, naitirojin ya wuce abinsa, domin ba ta kama shi.

Gwajin mai sauƙi ne. An ɗaga gudun kolum daga 1.2 zuwa 2.0 mL a minti, 28 ya hau tare da shi. Da daga jikin akwatin bakum yake shiga, da bai bi gudun ba. Wato cikin hiliyom yake zuwa. Matatar mai nuna launi ma ta sauya fiye da rabin tsawonta.

An rufe bawul ɗin silinda na ɗan lokaci ana kallon agogon babban matsi, na'urar gano yoyon hiliyom kuma ta yi ƙara a mahaɗin regileta da silinda. Fuskar mahaɗin tana da tabo. An sauya regileta da mai matakai biyu da tantanin bakin ƙarfe, an hura shi ta hanyar cikawa da saki sau da yawa kafin a haɗa layi, sannan aka sa sabuwar matata, aka bar ƙofar allura tana fitar da 200 mL a minti na kusan awa ɗaya don layin ya wanku. Kafin magariba 28 ya dawo 3.

Ga 'yan'uwa masu sauya silinda: hiliyom ɗinmu 99.999 ne ko sama, a duba takardar jikinsa kafin a karɓa daga hannun direba. Kada a bar silinda ya sauka ƙasa da bar 35. Bututun tagulla da mahaɗai na layin gas ba a sayo su a Magazin na Suame, kasuwar kayan gyaran mota, ko da girman ya dace, saboda man da ke cikinsu zai bayyana a 43, 57, 71 da 85 har tsawon watanni. Sifana da akwatin kayan aiki kam a can suka fi araha.

Yoyon ya ci hiliyom mai yawa, kuma silinda daga Tema yake tasowa, ba rana ɗaya yake isowa ba. An kunna tsarin tsimin gas, 20 mL a minti bayan minti 2 da yin allura. An kawo shawarar komawa haidirojin. Ba yanzu ba. Haidirojin na iya haɗuwa da wasu magungunan a ɗakin ayon ya sauya rabon tsininsu, ƙarfin gani kan ragu, kuma dole a sake tantance hanyar gwajin daga tushe ana tsakiyar kakar koko.

12 ga Disamba

Yanzu da iska ta gyaru ana iya yarda da rahoton saiti. An jera rahotannin watanni shida a tebur. Wutar ninka elektron ta tashi daga 1,450 V a watan Yuli zuwa 2,050 V yau. Tsinin 219 na nan kashi 38 na 69, amma 502 ya faɗo zuwa 1.1, alhali sama da 2 muke nema. Wutar farantin tura ayon ta kai ƙarshen abin da na'urar ke iya ba shi.

Manyan nauyi su ke fara ɓacewa idan ɗakin ayon ya yi datti. Dattin ya zama wani shafe da ba ya wuce da wuta, caji ya taru a kansa, ya karkatar da ayon daga hanya. Na'urar sai ta rufe asarar da ƙara wa mai ninka elektron wuta, hayaniya ta ƙaru tare da siginar, shi kuma ya tsufa da wuri. Hawan ya fara tun Satumba a hankali, ɗaukewar wutar ta ƙarasa shi ne kawai. Wanki ya wajaba.

15 da 16 ga Disamba

An shimfiɗa takardar alminiyom a tebur, an rufe tagogi, an sa safar hannu marar hoda. Kowane mataki na kwancewa an ɗauki hotonsa da waya, domin tsarin ruwan tabarau na ƙarfe da zobban tangaran da ke tsakaninsu yana da sauƙin juyewa.

Kayan sun kasu biyu. Na ƙarfe, wato jikin ɗakin, farantin tura ayon, farantin jawo ayon da ruwan tabarau, su ake gogewa. Filamen biyu, abin ɗumama, ma'aunin zafi da tangaran an ware su gefe, ba gugar da ta taɓa su. A fuskar farantin tura ayon akwai tabo ruwan ƙasa mai shuɗi-shuɗi a gefensa, girman ƙwayar gero, daidai tsakiya. Ramin farantin jawo ayon ya yi baƙin zobe.

An kwaɓa garin alumina mai laushi da metanol ya yi kauri, aka riƙa gogawa da auduga mai sanda har ƙarfen ya dawo da haskensa. Ramukan da tsinken sakace aka bi su, a hankali, kada bakin rami ya faɗaɗa. Bayan nan an ɗauraye da ruwa tsarkakke sosai, domin ƙwayar alumina ɗaya da ta maƙale a rami ta isa ta hana saiti zama. Sai bahon girgiza, minti 15 a daikuloromitan, 15 a asiton, 15 a metanol, kowanne a kofin gilashi mai tsabta cikin akwatin zuƙe hayaƙi. An busar a tanda a 100°C na rabin awa.

Filamen na ɗaya ya lanƙwashe ya bar saitin ramin da elektron ke shiga, an sauya shi. Na biyu lafiya. Wajen mayar da farantin tura ayon an ɗaure notinsa da yatsa kawai sannan ɗan ƙari. Tangaran ɗin da ke ƙarƙashinsa yana tsagewa idan ya yi zafi a matse.

An bar famfo ya kwana yana ja, ɗakin ayon a 300°C na wasu awanni don ruwa ya fita, sannan aka mayar da shi 230.

17 ga Disamba

Wutar ninka elektron 1,620 V. Tsinin 219 ya kai 61, 502 ya kai 3.4. Faɗin tsini 0.6 a duka ukun. Rabon aisotof ma ya zauna: 70 kan 69 ya ba da 1.1, 220 kan 219 ya ba da 4.3, 503 kan 502 ya ba da 10.0, kusa da abin da yawan kabon na kowane gutsure ke buƙata. Bai koma 1,450 ba, kuma ba zai koma ba. Wancan gibin tsufan mai ninka elektron ne.

Lokacin hutun ƙarshen shekara ba za a kashe ta ba. Tanda a 60°C, hiliyom na tafiya kaɗan, filamen a kashe, mai gadi yana da lambar wanda zai kira idan wuta ta ɗauke.

8 ga Janairu

Saiti na da kyau, amma gwajin ruɓewar DDT da endirin ya faɗi. An yi allurar su biyun kaɗai. Jimillar DDE da DDD, abubuwan da DDT ke komawa idan ya ruɓe, ta kai kashi 27 na duka, endirin kuma ya koma aldihaid da kiton ɗinsa da kashi 22. Iyakarmu 15 ce ga kowanne. Wannan ba laifin MS ba ne, tun a ƙofar allura suke lalacewa, kuma PFTBA ba ya bi ta can balle rahoton saiti ya nuna.

Da aka zaro lainar gilashin da ke cikin ƙofar allura, audugar gilashin da ke ciki ta koma ruwan zuma, ga ɓarɓashin jar roba na seftom, murfin da allura ke hudawa, a ƙasanta. Kusan rabin nauyin ƙwayar koko mai ne. Duk abin da ya tsere wa tsarkakewa a nan yake dahuwa a 250°C, ya zama wurin da magunguna masu rauni ke fashewa. An sauya laina, zoben robarta, seftom da farantin zinare na ƙasan ƙofar. An yanke santimita 50 daga kan kolum. Yanke kolum na jawo lokutan fitowa gaba, don haka an shigar da sabon tsawo a manhaja, an yi allurar cakuɗen ma'auni a cikakken bincike, aka gyara tagogin SIM, wato lokutan da na'urar ke kallon zaɓaɓɓun ayon na kowane magani, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tsallake wannan zai ga magani ya ɓace alhali tagarsa ce ta rufe kafin ya fito. DDT ya sauko 6, endirin 9.

Gyaran gaske a teburin shirya samfur yake. Gishirin QuEChERS, hanyar tatsar da muke bi, na nan yadda yake: gram 4 na magniziyom salfet, 1 na gishirin sodiyom kulorayid, 1 da 0.5 na sitiret biyun. Abin da aka ƙara shi ne kwana ɗaya a firiza a −20°C, man ya daskare ya kwanta, a ɗebi ruwan sama da sauri tun yana da sanyi, sannan a tsarkake da garin PSA haɗe da na C18. PSA na kama asid na mai da sukari, C18 na kama sauran man. Tiyoburomin a 180 da kafeyin a 194 suna wucewa duk da haka, shi ya sa aka duba kada wata taga ta dogara da ayon da ke kusa da su a lokacin fitowarsu. Ma'aunan kwatanci kuma a cikin ruwan kokon da ba shi da magani ake haɗa su, domin ragowar kokon na toshe wuraren cizo a laina, siginar ta fi ta zallar sinadari girma.

Laina daga yau duk allura 50 na koko, ba a jiran ta yi launi.

14 ga Janairu

Allurar zallar asetonaitiril ta fito da baƙi iri uku.

Tsini masu kaifi a jere da tazara kusan ɗaya, masu 73, 147, 207 da 281: silikon na seftom ne. Notin seftom an matse shi fiye da kima, allura na yankar roba. An sassauta, an sauya allurar sirinji da mai bakin mazugi, sun tafi.

Tsini guda mai 149 zalla: falet ne, daga roba. An bi sawunsa har kwalbar wanke sirinji, wadda aka cika daga gorar roba ta matsawa. Gilashi kawai daga yanzu.

Na ukun shi ne babba. Layin ƙasa yana hawa sosai daga 260°C zuwa sama, 207 da 281 suka mamaye shi. Shafen kolum ne ke zuba. Oksijin da ya shiga lokacin yoyon regileta, da daren da hiliyom ya tsaya tanda na da zafi, ya karya sarƙar shafen, kuma irin wannan ɓarna ba ta warkewa. An gasa shi awa biyu a 300°C, ya ragu kaɗan ya dawo. Ci gaba da gasawa zai tura silikon ɗin cikin ɗakin ayon da aka wanke a Disamba. An sa sabon kolum, an bar hiliyom ya ratsa shi minti 30 a zafin ɗaki kafin a kunna tanda, an yi gashin farko bakinsa bai shiga MS ba. Bayan zagaye biyu na zafi an sake ɗaure notin mahaɗa.

21 ga Janairu

Da safe komai daidai, bayan azahar ma'aunin ciki, TPP a 326, yana raguwa da kusan kashi 25. Saitin ƙarfe uku na rana ya nuna 502 ya goce zuwa 502.3. A SIM na'urar na zaune ne a kan lamba ɗaya, idan tsinin ya goce sai ta riƙa auna kafaɗarsa.

Ma'aunin zafin ɗaki ya nuna 22°C da safe, 31°C da rana. Ragar na'urar sanyaya ɗaki ta toshe da ƙurar hunturu, haka ragar fankar da ke hura allon wutar kwadrufol. Allon nan idan ya ɗumama, wutar da yake bai wa sandunan na sauyawa, nauyi ya goce. An wanke ragogin biyu, an toshe ƙasan ƙofa, an janye na'urar daga bango don zafin tanda ya samu hanyar fita. Har hazo ya wuce, duk mako za a duba su.

An leƙa famfon farko. Mansa ya yi duhu kamar shayi mai kauri, ya sauka kusa da layin ƙasa na gilashin dubawa. An juye shi yana da ɗumi, an zuba sabo irin wanda littafin famfon ya ambata, an sauya matatar hayaƙin mai. Tsohon man sharar sinadari ne, maganin ƙwari da sauran abin da aka yi wa allura na narke a cikinsa. Ba a ba kowa shi don shafa wa ƙarfe. Kwanan sauyi na gaba, bayan wata shida, an rubuta a jikin famfon.

29 ga Janairu

An sauya batiran UPS. Da mai gyaran wuta ya gwada tsofaffin da kaya a kansu, ba su riƙe minti biyar ba, duk da fitilarsu kore take nunawa. Shi ne ya ce, "Malam, fitila ba ta auna batir, sai an ɗora masa nauyi." An sa gwajin nauyi duk wata uku a jadawali. Ya kuma duba wayar ƙasa, ya raba layin na'urar da na firiza da na'urar sanyaya ɗaki, domin tashin injinsu na jan wutar 230 V ɗin ƙasa na ɗan lokaci.

An manna takarda a jikin na'urar. Idan wuta ta ɗauke: a tsayar da allura, a kashe filamen, a kashe zafin tanda nan da nan tunda shi ne mai cin wuta, a bar hiliyom na tafiya, a fara saukar da zafin ɗakin ayon. Idan minti goma sun wuce janareta bai tashi ba, a bi tsarin sako iska na manhaja tun batir na da rai.

5 ga Fabrairu

An zuba ma'auni a kokon da ba shi da magani a 0.01 da 0.05 mg/kg, kwafi biyar kowanne. Ƙa'idar ita ce a dawo da kashi 70 zuwa 120, bambanci tsakanin kwafi kada ya wuce 20. Kloropirifos ya dawo 94 da 98, kuma 314 ya fito sarai a 5 µg/L. Lindan a 181, 183 da 219 ya dawo 88 da 91. DDT ya ba da 76 a ƙaramin mataki. Ya wuce, amma C18 da daskarewa na tafiya da wani abu daga cikinsa tare da mai, a sa masa ido. An saki samfuran da aka riƙe tun Disamba, an sake tatsarsu daga gari, ba a yi amfani da tsohon ruwansu ba.

Saifametirin bai gamsar ba. Tsininsa huɗu suna fitowa a ƙarshen zagaye da jela, bambancin kwafi 19. Ana zargin wuri mai sanyi a bututun mahaɗa ko zafin ɗakin ayon ya yi masa kaɗan. Mako mai zuwa za a ɗaga ɗakin ayon zuwa 280°C shi kaɗai, a sake saiti, a maimaita kwafi biyar. Idan jelar ba ta ragu ba sannan a taɓa mahaɗa. Filamen na ajiya saura ɗaya, ferul na mahaɗa saura uku, an rubuta takardar odarsu yau tare da mai ninka elektron.